Kurkunu a Bakin Gwiwa

Ni dai ban fara son damina ba sai da na tsufa. Da ƙuruciyata, kowa na murnar hadari, ni kuwa da iska ta kawo ƙamshin ƙasa sai in shiga duban ƙafafun mutanen gida. In na faɗa wa jikokina haka dariya suke yi, don ba su san kurkunu ba sai a bakin tsofaffi. Mu kuwa tare yake zuwa mana da ruwan shuka, kai ka ce alkawari suka yi. Wani abu ne fari, siriri kamar zare, dogo har yakan kai kamu biyu. Sai ya kwanta shiru cikin naman mutum, ba wanda ya san yana nan, sai lokacin da aka fi bukatar ƙafar ya huda fata ya leƙo.

Shekarar da nake ba da labari, ba a daɗe da dawowar sojoji daga yaƙi ba. An kawo ni Azare daga Katagum, ban ko haihu ba tukuna. A gidan akwai maigidana, da mahaifiyarsa da muke kira Inna, da wansa, wanda ni ma nake ce wa Yaya. Gwiwar Yaya ta dama a ƙage take, ba ta lanƙwasuwa ko kaɗan. In zai zauna sai ya miƙe ƙafar gaba kamar taɓarya, in yana tafiya kuwa tun daga zaure ake jin sa, taku ɗaya, ja ɗaya. Kurkunu ne ya yi masa haka tun kafin a kawo ni. Ya fito masa a gwiwa, wurin ya kumbura, aka kira wanzami ya yi masa sakiya, wato aka gasa ƙarfe a wuta har ya yi ja aka soka a kumburin. Mugunya ta fita, zazzaɓi ya sauka, gwiwa kuwa shi ke nan. Matarsa ma ba ta daɗe ba ta tafi. A gidan ba a tayar da zancen. In baƙo ya yi suɓutar baki ya tambaya, Inna kan ce da ba a yi sakiyar ba da tuni ciyawa ta tsiro a kan kabarinsa, daga nan ta kawo wata hira.

To, wata safiya cikin bazara maigidana ya kira ni ɗaki ya ɗage wando. Kwana biyu ke nan yana fama da jiri da amai da ƙaiƙayi, muna cewa ko shawara ce. Ga bororo nan ya taso, ƙanƙane, ruwa-ruwa, ƙasa da gwiwar hagu kaɗan, kusa ƙwarai. Ya ce ji yake kamar an ɗora masa garwashi. Ni ba bororon ne ya ba ni tsoro ba, wurin da ya zaɓa ne. Ina duban gwiwar, ina jin jan ƙafar Yaya a tsakar gida zai je bakin randa.

Sai dai ba a banza na tashi a Katagum ba. Mu mutanen bakin kogi da fadama ne, kurkunu ɗan gida ne a wurinmu. Kakata ta wajen uwa ta iya naɗe shi, har daga ƙauyuka ake kawo mata mutane a kan jaki, ni nake riƙe mata ƙwaryar ruwa. Ba wani asiri gare ta ba. Za ta zuba ruwan sanyi a bakin ciwon, kurkunu ya saki wani farin ruwa, ya leƙo da kai. Sai ta tsaga ɗan sillen kara ta matse kan a ciki, ta murza a hankali yana naɗuwa. Da ta ji ya ƙi, sai ta tsaya, ta ɗaure sillen a jikin ƙafa da tsumma mai tsabta, sai gobe kuma. Takan ce min duk macen da ta iya kaɗi ta san lokacin da zare ke shirin tsinkewa, don a yatsa ake jin sa kafin ido ya gani. Abin da ta fi ja min kunne a kai shi ne kada ya tsinke. In ya tsinke, ragowar ta koma ciki ta mutu, ƙafa ta kumbura suntum. Wani ya tashi da gurguntaka, wani haƙoransa su datse, ko ruwa ba ya shiga, sai dai a kai shi makwanci.

Da bororon ya fashe na yi yadda na gani. Kan ya leƙo, na kama shi a sille, na samu ya naɗu ɗan kaɗan, na tsaya.

Maigidana ya ce, "Shi ke nan? Ja mana, ai ga shi a hannunki."

Na ce, "Malam, ba fa igiyar guga ba ce."

Ya yi tsaki ya juya fuska bango.

Wahalar ba ta kurkunu kaɗai ba ce. Ni suruka ce, sabuwa kuma. A gaban Inna ba na ɗaga ido, ba na cin abinci, ba na zama tabarma ɗaya da ɗanta, ko sunansa ba na faɗa, balle a ce na taɓa jikinsa tana kallo. Saboda haka a ɗaki nake naɗin, safe da yamma, asabari a sake. Ita kuwa sai ta zo ta tsaya a bakin ƙofa tana gyaran murya.

"Ya fito?"

"Da saura, Inna."

"Jiya ma da saura."

Sai in ji tafiyarta. Ba ta taɓa zagina ba, Allah ya jiƙanta, amma ta iya yi wa kaji magana. Tana watsa musu tsaba tana faɗa musu cewa a garin nan dai ba a taɓa mai da ciwon namiji kaɗin auduga ba, kuma wanda ya san aikinsa yana nan bayan kasuwa da zabirarsa.

Masu dubiya kuwa ba a magana. Kowa ya shigo da sannu a baki da magani a hannu. Wannan ta ce a daka ganyen tumfafiya da kanwa a ɗaura. Waccan ta ce kashin saniya mai ɗumi ya fi, shi ya tashi mijinta, mijin nata kuwa da sanda yake yawo. Wani tsoho ya ce kada a bar shi ya ci tsami. Wani ya ce ai shi ya jawo wa kansa, ya taka sawun mai kurkunu da sassafe. Bafulatanar da ke kawo mana nono ce kaɗai ta zo da abin da na yi amfani da shi, man shanu a ɗan ƙoƙo, ta ce in riƙa shafawa a gefen ciwon don fatar ta yi laushi. Sauran duk na karɓa hannu biyu, na yi godiya, na zuba a bayan rumbu. Tumfafiyar da Inna ta daka da hannunta ce ban iya zubarwa ba, na ɗaura ta can ƙasa a ƙwauri, nesa da bakin ciwon, don ta ga kore in ta leƙo.

Yaya ne ya ja ƙafarsa har ɗakin shan magani ya yi wa malamin asibiti bayani. Ya dawo da wani ruwa a kwalba mai launin zoɓo, na wanke ciwo, da saƙon cewa a ci gaba da naɗi, kada a bari ya tsinke, kuma a riƙa tace ruwan tafki da ƙyalle kafin a sha, wai ta nan abin yake shiga jiki. Inna ta ce, "To ina amfanin asibitin, in shi ma kaɗi ya sani?" Zancen tace ruwa kuwa har maƙwabta aka yi ta dariya, wai ruwan da kakanninmu suka sha. Ni ma na yi dariyar, amma na yage gefen tsohon kallabina na ɗaure a bakin randa, kuma ban daina ba har yau da muke shan na famfo.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Wata rana in samu kamar gaɓar yatsa, wata rana ko ƙwayar gero. Sillen ya fara kauri, amma wa ya san abin da ya rage a ciki? Ga kumburi ya fara haurowa wajen gwiwa, fatar ta yi sheƙi, kaluluwa ta fito masa a gindin cinya. Mutumin da ba ya iya zama wuri ɗaya, ga shi kwance yana kallon rufin ɗaki. Kullum la'asar hadari ya haɗo daga gabas ya yi baƙi ƙirin, ya watse. Maƙwabta da yawa sun yi binne, sun zuba iri a busasshiyar ƙasa suna jiran ruwa. Shi ya ƙi tun yana da lafiya, ya ce ba zai ciyar da zabbin daji da irinsa ba. Yanzu ga rumbu ya yi ƙasa, sai an shiga ciki ake ɗauko dami, kuma duk gidan da ƙafar nan tasa muka dogara. Yaya na yin abin da zai iya, amma shi kaɗai ba zai ci da mu ba.

Ran nan da la'asar ruwa ya sauko, irin wanda ba a tambayar ko ya isa shuka. Gari na wayewa unguwa ta kaure da hayaniya, ana kiran yara, ana buga ƙotar sungumi, jakuna na kuka. Ina tsakar gida ina wanke ƙwarya na ji faɗuwar abu a ɗaki. Na ruga. Ga maigidana a ƙasa, ya yunƙura zai tashi ƙafar ta ƙi ɗaukarsa. Tsumman ya zame, sillen ya maƙale a karan gado, kurkunu ya miƙe kamar tsarkiyar baka. Ban san lokacin da na daka masa tsawa ba.

"Kada ka motsa! Wallahi kada ka motsa!"

Na durƙusa na zare sillen daga karan gadon, ko numfashi ba na yi. Bai tsinke ba. Da na ɗago na ga hawaye a idonsa, na baƙin ciki, ba na zafi ba.

Ya ce, "Kina jin mutane? In ƙasar nan ta bushe ban shuka ba, me za mu ci?"

Na ce, "Yaya ya yi saran, ni in bi shi da iri."

"Matata a gona? A garin nan?"

A gidansu mata ba sa zuwa gona, su mutanen cikin gari ne. Ni kuwa na yi shuka tun ina yarinya. Muna cikin haka sai muryar Inna daga bakin ƙofa: "Ta je mana. Ai lalura ce. Ni ina nan, zan duba shi."

Na yi mamakin saurin yardarta, har na ji daɗi, na ce a raina yau dai ta ga amfanina. Na yi naɗin safe, na ɗaure sillen da sabon tsumma tamau, na roƙe shi don Allah don Annabi kada ya bari kowa ya kwance. Da za mu fita na ga Inna tsugune a bayan ɗakinta tana hura gawayi a kasko.

Gonar tana kan hanyar Itas, da 'yar tafiya. Yaya na gaba da sungumi yana saran rami, ni ina biye da ƙwaryar iri, in jefa, in rufe da diddige. Mai bin sungumi ƙasa yake kallo, ba shi da abin gani sai sawun na gaba. A jiƙaƙƙen yashin nan sawun Yaya ya fito sarai: ƙafar hagu ta taka, ta dama ta ja layi, ta hagu ta taka, ta dama ta ja layi, tun daga wannan kan gona har wancan. Ƙaƙƙarfan mutum, ga ƙirji ga kafaɗa, amma kowane taku sai ya karkace ya jefa ƙugu. Na yi ta bin layin nan ina zuba gero, ina ganin maigidana a cikinsa. Tsoro ya cika ni har na fara zuba iri fiye da ƙima.

Da hantsi ya ɗaga muka tsaya gindin wata tsamiya shan ruwa. Ban saba hira da Yaya ba, wan miji kusan uba ne, amma abin ya ci ni, na ce, "Yaya, sakiyar nan, da zafi ƙwarai?"

Ya ce, "Zafin na manta. Ƙaurin ne ban manta ba. Har yau ba na tsayawa kusa da mai tsire."

Ya ɗaga gora ya kurɓa. Don in kawar da zancen na ce Inna ma na ga tana hura gawayi a kasko da sassafe, ko sanyin ruwan jiya ne ya kama ta.

Yaya ya sauke gorar daga bakinsa.

"Gawayi? A kasko?"

"I, Yaya."

"Ranar tawa ma haka ta yi," in ji shi a hankali. "Sai da ta aiki mai ɗakina gidan suna tukuna."

Na ajiye ƙwaryar irin a gabansa. Na tattare zane na zuba da gudu. Matar aure, rana tsaka, mayafi na can gindin tsamiya, ina ratsa gonakin mutane suna tsayawa da sungumi suna kallona. Wani ya yi kira ko lafiya, ban waiwaya ba. Ƙaya ta soke ni ban sani ba sai daga baya. Abin da kawai nake ta faɗa a raina shi ne, Allah ya sa gawayin jiƙaƙƙe ne, Allah ya sa bai kama da wuri ba.

A zaure na tarar da takalman baƙi. Ina shiga tsakar gida na gan su a ƙarƙashin rumfa. An fito da maigidana an kwantar a tabarma, maƙwabtanmu biyu sun danne shi, ɗaya a kafaɗa, ɗaya a ƙafa. An kwance tsumman, sillen na reto a jikin kurkunu, ba mai ko kula da shi. Wanzami na tsugune, zabira a buɗe, yana juya wani ƙarfe mai kama da basilla a cikin garwashi, bakin ƙarfen ya yi jawur. Inna na tsaye ta rufe bakinta da gefen zane.

Ban yi sallama ba. Na ratsa tsakanin mazan nan na zauna a tabarmar, jikina na gugar na mijina, a gaban uwarsa, a gaban maƙwabta. Na fara tallabo sillen, sannan na ɗauki ƙafar na ɗora a cinyata, na rufe gwiwar da tafin hannu. Wanda ya danne ƙafar ya ja da baya yana salati.

Inna ta ce, "Ke 'yar nan, tashi! Ba ki da kunya ne?"

Na ce, "Yau dai babu, Inna. Gobe sai ki yi min duk hukuncin da kika ga dama."

Ban taɓa haɗa ido da ita ba sai ran nan. Idonta ya yi ja, ashe kuka take yi.

Wanzamin nan ba mugu ba ne. Dattijo ne, shi ya yi wa maigidana askin suna, shi ya cire masa beli, shi ya yi masa kaciya. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "'Yata, kina da hannu, na ga naɗin, ya yi kyau. Amma dubi kumburin nan. In ya haura cinya ya shiga ciki, ba ƙafa za ki yi wa kuka ba. Na ga waɗanda aka yi ta jira da su har aka rasa su."

Na ce, "Baba, taɓa ka ji, da tauri yake, bai nuna ba. Abin kuma da ransa, yana biyo hannuna. In ƙarfe ya shiga zai yanke shi a ciki."

Maigidana ya ce, muryarsa a dishe, "Ki bari a yi a huta. Na gaji."

Wannan ta fi komai yi min ciwo. Sai Inna ta matso ta tsaya a kaina.

"In ya mutu fa? Ke gidan wani za ki, ki haifi 'ya'yanki. Ni fa? In ya mutu a hannunki, me za ki ce min?"

Ni kaina ban tabbata ina da gaskiya ba, don kakata ma akwai waɗanda suka mutu a hannunta. Na dai ƙara rufe gwiwar, ina jin zafinta a tafina. Ƙarfen ya dushe, wanzami ya tura shi tsakiyar garwashi ya ɗauki mafici. Ya shiga fifita. Na san in Inna ta ce a ɗaga ni, ɗaga ni za a yi.

Sai muka ji shi daga zaure, taku ɗaya, ja ɗaya, da sauri irin wanda ban taɓa ji ba. Yaya ya shigo sharkaf da gumi, ƙwaryar iri a hannunsa, ya ajiye ta a gefe. Bai dubi kowa ba. Ya dafa ginshiƙin rumfa ya sauka ƙasa yadda ya saba, ya miƙe ƙafarsa ta dama kusa da ta ƙanensa, ya naɗe wando har cinya. Ban taɓa ganin gwiwar ba. Ta motse, ta yi baƙi, ga ramin tabo a gefe da babban yatsa zai shige, ƙwaurin ya rame kamar na yaro.

Ya ce, "Inna, ga ɗaya kin tsirar da ransa, na gode. Ki bar mata ɗayan ta gwada."

Wanzami ya daina fifita. Ya daɗe yana duban aikin hannunsa a gwiwar Yaya. Daga nan ya zaro ƙarfen ya tsoma a ruwa. Ya ɗauki guntun gawayi mai sanyi, ya ce in ɗaga hannuna, ya ja baƙin layi a cinyar maigidana, sama kaɗan da inda kumburin ya tsaya.

"Ran da ya ƙetare nan zan dawo," in ji shi, "kuma ran nan ba wanda zai hana ni. Kin yarda?"

Na ce na yarda.

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda na yi su ba. Gari na wayewa, kafin in ɗauki buta, cinyar nake dubawa. In gumi ya goge layin in sake ja da gawayi, kuma Allah shaida ban taɓa matsar da shi sama ba, ko da yake shaiɗan ya sha raɗa min. Kumburin ya yi ta hawa, ya rufe gwiwar gaba ɗaya, ya zo har abin da ya rage bai fi faɗin tsinke ba. Zazzaɓi ya riƙa kaɗa shi yana sambatu, yana cewa a miƙo masa sungumi. Ni kuwa ga ni zaune da sille tsakanin yatsu, in zuba ruwan sanyi, in jira, in murza, in ji ya ƙi, in tsaya, alhali duk jikina na cewa in ja a huta. Maƙwabtan nan da suka danne shi, su suka taya Yaya ƙarasa shuka. Inna ta daina yi min magana, ta daina yi wa kaji ma. Amma kullum da safe nakan tarar da ƙwaryar ruwa a bakin ƙofa, mai sanyi daga randarta, an rufe da faifai.

Sai wata safiya na ga fatar gwiwar ta yi 'yan tamoji. Kumburin bai taɓa layin ba, ya fara ja da baya. Bayan wasu kwanaki kuma, ina naɗin safe, na ji kurkunu ya saki, yana biyo sille ba gardama, yana ƙara sirancewa. Na tsorata, na ɗauka tsinkewa ya yi. Na ci gaba da murzawa a hankali a hankali, sai ga ƙarshen ya sulluɓo, da 'yar lanƙwasa a wutsiya kamar ƙugiya, alamar da kakata ke nema kafin ta ce alhamdu lillahi. Ya fito duka.

Na ce, "Malam, lanƙwasa in gani."

Ya cije leɓe ya ja ƙafar. Gwiwa ta lanƙwasu, ba duka ba, amma ta lanƙwasu. Sai a lokacin na fashe da kuka. Noman farko ya wuce shi, amma shi ya yi maimai da ƙafarsa, kuma da ita ya yi ta yawonsa har ya bar duniya.

Na ɗora sillen a kan sakaina na kai wa Inna, na durƙusa na ajiye a gabanta, kaina a ƙasa kamar da. Ba zan ɓoye ba, jira nake ta ce sannu, ko ta ce Allah ya yi miki albarka, don a ganina na isa a ce min haka. Ta daɗe tana kallonsa. Ta sa tsinke ta juya wutsiyar.

Ta ce, "Ashe yana fita duka."

Iyakar abin da ta ce ke nan, sai kuma ta ce in jefa shi a wuta. Na tashi raina a ɓace, na yini ina buga tukwane, ina cewa a raina wannan tsohuwa zuciyar dutse gare ta.

Da yamma na zagaya bayan rumbu ɗebo itace, sai na hango su. Yaya na zaune a tabarma ya jingina da bango, Inna na tsugune a gabansa da ƙoƙon man shanun nan da ya rage min. Ta naɗe masa wando tana shafa man a gwiwar da ta yi shekara da shekaru a ƙage, tana murzawa da babban yatsa, tana zagaya ramin tabon, yadda ta ga ina yi ta tsakanin asabari. Ita ta san ba man da zai lanƙwasa ta, shi ma ya sani. Fushina ya tafi, tausayi ya kama ni har na kasa ɗaukar itacen. Yaya dai ya miƙa mata ƙafar ya kau da kai, ya bar ta tana shafawa har aka kira magariba.